Asibitin da Na Ji a Rediyo

Lokacin da aka dawo mulkin farar hula, babu wanda ya kai ni sauraron rediyo a unguwarmu a Rano, don haka na ɗauki kaina masanin siyasa. Kullum sai na ji ana yabon wani ɗan takara, wai ya gina asibiti a Tarai. Na bi gida-gida ina tallarsa kyauta. Har Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, sai da na raba shi da ɗan takarar da ya sani tun yana yaro.

Kawu ya ce, "Ka ga asibitin da idonka?"

Na ce, "Haba Kawu, a labarai fa aka faɗa!"

Mutumina ya ci zaɓe. Ba a daɗe ba ƙafar Kawu ta kumbura. Ga asibiti kusa da mu, amma na dage sai sabon nan. Na goya shi a babur har Tarai, kowane rami muka faɗa sai ya yi salati.

Wani manomi ya nuna mana wurin. Allo ne kafe a gonar dawa, sai ɗan tulin bulo, akuya na kwance a kai.

Kawu ya jima yana kallo, sannan ya ce, "To, shigar da ni mana."

Jijjigar hanya ta ƙara masa ciwo, ya yi sati uku a kwance, kuma har yau abin na damuna. Yanzu ko ciwon kai wani ya yi a gidanmu, sai a ce, "Ku kira shi, shi ya san gidan Likita Akuya."