Masani da Murfin Tayar Baya

In ana lissafin mutanen da Allah ya yi wa baiwar sanin komai, to a fara da Masani, a ɗan huta, kafin a ambaci na biyu. A wani kamfanin rarraba sabulu yake aiki. Shi ne mai kula da sito, amma ba za ka taɓa jin kalmar sito a bakinsa ba. "Sashen Adana Dukiya" yake cewa, yana gyara wuyan riga. Abokan aiki ne suka laƙaba masa Masani don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ya sa aka rubuta masa a ƙofa. Bai taɓa tambayar kowa hanya ba. In ya ɓata, unguwar ce aka gina ba bisa tsari ba.

Abin hawansa ɗan babur ne irin mai ƙananan tayoyi, wanda ake zama a kai kamar kan kujerar falo, ƙafafu a haɗe a gaba. In iska tana bayansa yakan wuce mai keke, musamman in mai keken ya ɗauko kaya. Masani na kiransa Jirgi.

Wata rana a bakin danja wani saurayi ya tsaya kusa da shi a kan ƙaton babur na tsere. Wuta na sakin su, saurayin ya ɓace kamar an share shi. Da wani ne, sai ya ce girman inji ne. Masani kuwa, da yake idonsa ya fi na kowa gani, abin da ya lura da shi daban ne: tayar bayan wancan babur a buɗe take, ba murfin nan da ke saman taya yana tare taɓo.

Kafin ya isa gida ya gama bincike.

Ranar hutu da safe ya jawo Jirgi tsakar gida, ya aro sifana wurin maƙwabci, ya naɗe hannun riga. Matarsa tana shara, ta dakata.

"Baban 'yan biyu, me kuma ya samu babur ɗin?"

"Ba abin da ya same shi, ilimi ne ya same ni," in ji shi. "Kin ga wannan murfin? Shi ke kama iska. Iska ta shiga, ta rasa hanyar fita, sai ta riƙa jan babur baya. Shekara da shekaru ina yawo da birki ban sani ba."

"Su da suka ƙera shi ba su san da haka ba?"

"Su 'yan kasuwa ne, Maman 'yan biyu. Ni mai nazari ne."

Notuna biyu suka kwance cikin ladabi. Na ƙarshe ya yi tsatsa, ya ƙi ko motsi. Masani ya lallashe shi, ya zage shi, ya zuba masa man girki. Da abin ya ƙi, ya ɗauko zarto ya raba murfin gida biyu, ya fincike sauran da ƙarfin tsiya. A lokacin ne ya gano ashe lambar babur a jikin murfin take. Ya ɗaure ta da waya a ƙarƙashin kujera, ta ɗan karkace, ya ce haka ake yayi. Gutsattsarin kuwa da hannunsa ya jefa su motar shara, don kada wani mai ƙaramin tunani ya ce a mayar.

Kwanakin da suka biyo baya ba a yi ruwa ba, Masani ya sha daɗinsa. Ya rantse wa kowa a ofis cewa Jirgi ya zama wani abu daban. Lokacin isowarsa dai bai canza ba, amma ya bayyana cewa agogon ofis ne ya fara sauri.

Sai ga babbar rana. An turo sabuwar manaja, kujerar mataimaki kuma babu kowa a kai. Masani ya daɗe yana auna wannan kujera da ido, har ya san inda zai ajiye hotonsa a kan teburin. Shi ya roƙa a ba shi aikin zagayawa da manaja. Ya fito da farar kwat da farin wando, waɗanda ko 'yan biyu ba a bari su wuce kusa da su.

Da asuba aka tafka ruwa, ya ɗauke kafin fita. Hanyar ofis ana gyaranta, jar ƙasa ta zama kunu. Masu motoci suna lallaɓawa, Masani ya murɗa wa Jirgi wuta yana keta kududdufai. Ya ji wani sanyi-sanyi yana hawa gadon bayansa, ya yi murmushi. Iskar gudu ke nan. Mutanen cikin bas suna nuna shi da yatsa, ya ɗaga musu hannu irin na manya.

A ƙofar kamfani maigadi ya zaro ido.

"Oga, bayanka..."

"Na sani, na sani. Kowa yana bayana. Na gode da goyon baya."

Ya wuce da sauri. Abin da maigadi ya gani kuwa layi ne ja, miƙaƙƙe kamar an ja shi da rula, daga ƙeya har inda wando ke haɗuwa da kujera. Hagu da dama yayyafi ne na ɗigo-ɗigo. Tsakanin kafaɗu ga wani ɗan ganye ya manne, kamar tambari.

Manaja mace ce mai natsuwa, ba ta da yawan magana. Masani ya gaishe ta, ya ce ta biyo shi, ya shige gaba. Haka aka yi zagayen duka: shi a gaba yana bayani, ita da sauran ma'aikata a baya suna karatun bayansa. Akawu ya yi ta tari. Sakatariya ta toshe baki da mayafi, hawaye na zuba. Masani ya waiga ya gan ta, ya ji daɗi ƙwarai. Bai san jawabinsa na taɓa zuciya har haka ba.

A gaban tulin kwalayen sabulu ya tsaya ya buɗe hannuwa.

"Ranki ya daɗe, wasu da baki suke tallar kayanmu. Ni da jikina nake yi. Shugaba madubi ne, abin da aka gani a jikinsa shi ne kamfani. Ki dubi wannan kwat. Duk abin da kika gani a jikinta, aikin sabulunmu ne."

Ya juya a hankali, zagaye guda cikakke, don kowa ya ƙoshi.

Manaja ta ƙare wa bayan kwat ɗin kallo. Can ta ce, "Malam, wannan kafin wanki ne ko bayan wanki?"

Sito ya ɗauka da dariya. Masani ma ya taya su, har ya fi kowa ƙarfin murya, don babba ba ya barin rahar shugabansa ta faɗi ƙasa. Sai da manaja ta ɗauki hoton bayansa da wayarta ta miƙa masa. Ya duba. Ya ƙara dubawa. Ya kai hannu tsakanin kafaɗu, ya ciro ganyen, ya rasa inda zai ajiye shi, ya sa a aljihu.

Kujerar mataimaki akawu aka ba, mutumin da ya zo a bas da lema.

A gida aka jiƙa kwat, aka cuɗa, aka sake jiƙawa. Jan layin ya koma ruwan hoda, ya zauna daram. Masani ya ɗora laifin a kan masu gyaran hanya, sannan a kan ruwan da ya sauka ba sanarwa. Daga nan ya kwashe 'yan kwanaki yana zagaya Jirgi, hannu a haɓa.

Ranar hutu aka ji ƙarar zarto. Da matarsa ta fito, ta tarar ya yanka bokitin wankinta shuɗi, ya lanƙwasa rabi a saman tayar baya, ya ɗaure da waya. Maƙwabta sun taru, shi ya aika a kira su.

"Jama'a," ya ce, "na gano cewa taya in tana juyawa, taɓo sama take watsawa. Wannan abin da kuke gani shi zai tare shi. Na sa masa suna Matarin Taɓo na Masani. Abin da ke ba ni mamaki, duk injiniyoyin duniya, an rasa wanda wannan tunani ya zo wa."

Maƙwabcin da ya ara masa sifana ya buɗe baki, ya fasa, ya tafa sau biyu.

Matar ta ɗauki ɗaya rabin, mai mariƙin, ta juya shi a hannu.

"Sannu da ƙoƙari, Baban 'yan biyu," ta ce. "In ka huta, sai ka ƙirƙiro mini bokiti."