Kawu Ya Buɗe Ƙofa

Gizo-gizo ya yi saƙa a jikin kwaɗon. Abin da na fara lura da shi ke nan ranar Litinin da safe, da na tsaya a gaban ɗakin da manyanmu suka raɗa wa suna Ma'ajiyar Takardu ta Zamani. A saman kwaɗon an manna hoton Mai Girma Uban Fayiloli yana murmushi, a ƙarƙashinsa an rubuta da manyan baƙaƙe: ƘOFARMU A BUƊE TAKE. Guntun ƙyallen da ya yanka ranar buɗe ɗakin yana nan yana lilo, rana ta cinye launinsa.

Masu karanta wannan shafi sun san a takarda kawai bakina yake buɗewa. Sai da na yi minti goma ina gyara mayafi kafin na iya gaida maigadi.

"Baba, don Allah yaushe ake buɗewa?"

"Ai an buɗe, 'yata. Tun bara. Har da makaɗa."

"To makullin fa?"

"Yana aljihun wanda aka tura kwas ɗin koyon amfani da ɗakin."

Na yi godiya na juyo. Allah ya ƙara wa manyanmu basira. Ɗakin da ba a shiga ai ba a ɓatar da komai a cikinsa.

Ga abin da ya kai ni. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, tsohon malamin firamare ne, yana zaune a wani gari mai tafiyar rabin yini daga nan, a gidan da aka haife su duka. Makon jiya wani jami'i ya zo da bokitin jan fenti ya zana wa bangon gidan ƙaton gicciye. Ya ce ya duba, babu fayil ɗin gidan, ba a ma taɓa yin sa ba, saboda haka a hukumance gidan babu shi. Kawu ya ce, "To ni a ina nake kwana?" Jami'in ya ce wannan ba ɓangarensa ba ne. A kawo takardu kafin azahar ɗin Alhamis, ko katafila ta zo ta daidaita gidan da abin da ke rubuce. Fayil ɗin na je nema a Ma'ajiyar.

Takardun kuwa suna nan lafiya lau, a ƙasan akwatin ƙarfen mahaifiyata, shafi tamanin da taswira biyu, suna ƙanshin turaren kaya. Matsalar ita ce suna nan, Kawu yana can.

Za ku ce in hau mota in kai. Na tambayi maƙwabcinmu tela, mai tsohuwar motar da muke roƙa idan ta ɓaci. A layin mai na same shi, ya sauke keken ɗinkinsa a gefen titi yana yi wa direban gabansa kafin wando.

"Malama 'yar jarida," in ji shi, "kwana uku ke nan. Na matsa tsawon mota huɗu, na ɗinka riga bakwai. Sun ce mai ya wadata, kuma gaskiyarsu ne, ni dai kasuwa ta buɗe mini."

Za ku ce in tura wa mai shagon buga takardu a garinsu Kawu. Na faɗa wa Kawu haka. Ya ce takardar gida tsiraicin gida ce, ba za ta biya ta hannun ɗan kasuwa ba. Da Kawu ya ce a'a, an gama.

Sai na tuna da akwatin. Babban ɗan Kawu, wanda muke kira Injiniya, kafin ya tafi aiki nesa ya ajiye wani baƙin akwati mai girman burodi a kan kabad ɗin falon Kawu, ya haɗa shi da intanet ɗin gidan, don dangi su riƙa tura hotuna daga duk inda suke. Ya kuma jona masa firinta, ya ware wani wuri a ciki wanda duk abin da aka jefa, firintar za ta buga shi da kanta. Na yi sikanin takardun a wurin aiki, na zauna gaban kwamfuta, na ja fayil na saka. Kwamfuta ta yi tunani ta ce ba ta ga akwatin ba.

Na kira Injiniya. Yana cikin hayaniyar injina, da ƙyar nake jin sa. "Matsalar ƙofa ce," ya ce. "Ki ce su duba ƙofa ta ɗaya." Layi ya yanke.

Ni na san abin da yake nufi, na yi karatu. A bayan na'urar intanet akwai 'yan ramuka da ake cusa kebul, su masu sana'ar ke kira ƙofa. Amma da na ji muryar Kawu, muryar da ta koya wa rabin garinsu karatu, sai duk bayanin ya gudu ya bar ni.

"Kawu, wai... a duba ƙofa ta ɗaya. Sai ta nan takardun za su shiga."

"Shi ke nan? Yanzu kuwa."

Na ji takunsa, na ji ƙarar sakata. Ya dawo yana haki. "Na buɗe ta wangame. Turo."

Jama'a, ku faɗa mini. Ta ina 'yar yaya za ta fara ce wa kawunta bai gane ba? Na ce to. Na danna, ko da Allah zai sa. Allah bai sa ba.

"Ba su shigo ba, Kawu."

"To bari in buɗe ta falo. Wataƙila ita ce ta ɗaya idan an ƙirgo daga ciki."

Kafin la'asar ɗin Talata ya buɗe ƙofar gida, ta falo, ta kicin da tagogi huɗu. Ya ɗauko kujera ya zauna a zaure yana kallon hanya, ya hana kowa tsayawa a bakin ƙofa kada ya tare wa takardu hanya. Laraba ma haka. Sau uku ina kira da niyyar yin bayani, sau uku ina ƙarewa da tambayarsa ya ƙafa. Mahaifiyata kuwa ta daina cin abinci sosai. Takan buɗe akwatin ƙarfen ta dubi taswirar, ta nuna mini da yatsa: nan ne ɗakin da aka haife ni, nan rijiya take.

Ranar Alhamis da safe waya ta yi ƙara. Ba Kawu ba ne, Inna ce, matarsa.

"Ke, 'yar nan. Kajin maƙwabta sun tare a falona. Akuya ta cinye mini labule. Kawunki ya yi mura. Faɗa mini gaskiya, wace irin takarda ce mai shigowa da ƙafa?"

Da Inna ba na jin nauyi sosai, ita ta yi mini kitso har na gama sakandare. Na rufe ido na zazzage mata komai: ramuka, kebul, lamba ɗaya. Ta nufi kabad. Na ji ta ja kujera ta hau.

"Wannan ɗan ramin da bai kai farcena ba, shi ne ƙofa? Wa ya taɓa shiga?" Ta ƙirga ramukan. "Shuɗiyar igiyar tana rami na huɗu. Ni na mayar da ita can da na yi goge-goge wancan watan. Na ga ya fi kusa."

"Inna, ki mayar da ita na ɗaya."

Ƙyas. A kwamfutata akwatin ya bayyana kamar bai taɓa ɓata ba. Na ja fayil na saka. Ƙarfe sha ɗaya saura.

A nan dole in yaba wa Masu Girma Iyayen Wuta. Tun safe wuta ta zauna daram a unguwarsu Kawu, abin da ba a gani ba tun ina 'yar firamare. Ashe wani babba ne ya zo buɗe famfo a layin baya. Famfon bai kawo ruwa ba, amma mu ya kawo mana wuta, Allah ya sa ya riƙa zuwa kullum.

Inna ta ajiye wayar a kan kabad ba ta kashe ba, ina jin komai. Firinta ta yi tari ta fara aiki. Kawu ya shigo da gudu daga zaure. "Sun shigo! Ta ina suka bi? Ban ga wucewarsu ba!"

Ana shafi na talatin da wani abu sai na ji sallama. Mai jan fenti ne, ya zo da wuri, wai ya ƙara wa gicciyen launi kafin katafila ta iso. Ya tarar da ƙofa a buɗe, ya shigo har falo. Kawu, mutumin kirki, ya kore kaza daga kan kujera ya ce ya zauna.

"Malam, na faɗa maka babu fayil," in ji shi. "Ni na fi shekara ashirin a ofishin nan. Da akwai, da na sani."

Firinta ba ta tanka masa ba, ta ci gaba da turo takarda. Sauran labarin Inna ce ta ba ni, domin a nan layi ya yanke. Ta ce shafi na arba'in da ɗaya ya fito da ɗuminsa, Kawu ya sa tabarau ya duba, ya miƙa masa da hannu biyu. Takardar shaidar karɓar fayil ce. Ga lambar fayil, ga hatimin ofishinsu, ga sa hannun ƙaramin akawun da ya karɓa shekara ashirin da biyu da suka wuce. Kawu ya ce, "Wannan rubutun kamar na san shi. Ba kai ne kake juya wutsiyar harafin ƙarshe sama ba tun kana aji uku?"

Har yau Kawu ya tsaya a kan cewa buɗe ƙofar ne ya yi aiki, igiyar Inna taimakawa kawai ta yi. Ban musa masa ba, kuma ba zan musa ba. Mahaifiyata ta ci abinci har da ƙari.

Shi kuwa jami'in, Inna ta ce ya daɗe yana kallon takardar. Ya ajiye ta a kan kabad a hankali, ya daidaita gefenta da sauran. Ya ɗauki bokitinsa, ya sa takalmi, ya fita. Da ya kai zaure sai ya ja ƙofar gidan ya rufe musu ita ruf, yadda ko iska ba za ta shiga ba. Kowa dai da fannin da ya ƙware.