Gashin Bakin Gitonga

"In Mama Chebet ta riga ni ƙetare layin ƙarshen tsere ranar Lahadi, a aske min gashin bakin nan a bainar jama'a."

Gitonga mai shagon taya ne ya yi wannan cika-baki a rumfar masu gasa akuya ta Nakuru, yana murza gashin da ya fi tattali fiye da 'ya'yansa. Mai karatu, har mai yake shafa masa, da ɗan matajinsa a aljihu. Mama Chebet kuwa tsohuwar nas ce, ta daɗe tana tseren 'yan sha'awa da wata ƙaramar mota mai tari. Shi gogan naka a talabijin ya koyi nasa.

Ranar Asabar aka yi zagayen tantancewa. A nan agogo ne alƙali: kowa ya nemi fili ya zuba gudu shi kaɗai, wanda ya fi sauri shi ake sawa a gaba ranar tsere. Ana wannan bayani, Gitonga na can gaban madubi.

Da aka saki motoci, sai ya hango Mama Chebet tana tafe a hankali tana ɗumama taya. Ya sha gabanta, ya rage gudu, ya tare hanya. Ta yi dama ya yi dama, ta yi hagu ya yi hagu. Tsohuwa ta ja baya, ta bar shi ya yi nisa, ta yi zagayenta lafiya lau. Shi kuwa uban 'yan wayo ya ƙare lokacinsa yana rarrafe, yana gadin wadda ba ta nan.

Ya fito yana ɗaga wa jama'a hannu. "Kun gani? Ko hayaƙina ba ta shaƙa ba."

Matarsa Nyambura ta ce, "Baban Njoki, kai ne na ƙarshe. Yau da agogo ake yi. Bari ake su yi nisa, ka samu fili, sannan ka taka."

"Ai na sani, gwada ki nake yi," in ji shi. Amma ya wuni yana haddacewa: su yi nisa, fili, taka.

Lahadi aka kaɗa tuta, motoci suka tashi gaba ɗaya, Gitonga ya harɗe hannu.

Mai tuta ya rugo. "Yallaɓai, motar mutuwa ta yi?"

"Fili nake jira, kai dai tsaya ka sha kallo."

Sai da ƙura ta lafa ya taka totur. Maganar gaskiya, ya yi gudu. Amma da na gaba suka zagayo suka cim masa, sai ya ratse gefe ya ba su hanya, kada su ɓata masa fili. Har hannu ya ɗaga wa Mama Chebet ta wuce.

Ya iso ana raba kofuna. "A duba agogo," ya ce.

Aka duba, ashe kuwa zagayensa ɗaya ya fi na kowa sauri. Mama Chebet, rungume da kofin matsayi na uku, ta dafa shi. "Ɗana, ka iya tuƙi. Na yau ka yi jiya, na jiya ka yi yau."

Nyambura, wadda gashin nan ya daɗe da isarta, ta zaro reza daga jaka. Gitonga ya zauna a kan taya, idonsa ya cicciko. Ta share ɓangaren dama tas, ta mai da reza jaka.

"Maman Njoki, saura ɗayan fa?"

"Wannan na tantancewa ne," in ji ta. "Na tseren sai gobe."