Yadda Ake Lallaɓa Kan Cajar Mota Har a Kai Amarya

Ka sayi motar lantarki, ka cika baki gaban surukai cewa ita za ta ɗauko amarya Suwaiba, ƙanwar matarka, daga unguwar Gangare ranar Asabar, sai ga kan caja ya saki, yana warin ƙonanniyar roba? Kwantar da hankalinka. Ni Badruddeen na ƙware a wannan fanni, kuma na yi maka alkawari amarya za ta isa ɗakinta.

1. Hura masa iska. Zare shi, ka hura, ka goga a jikin rigarka, ka mayar. Haka muke yi wa cajar waya, mota kuwa waya ce da aka sa wa taya.

2. Nemo kwanciyarsa. Karkata shi hagu, ka ɗan ɗaga. Da fitilar ta yi kore, ka daskare a haka, ko tari kada ka yi. In hannu ya gaji, ɗaure shi da roba ka tokare da turmi. Maiɗakinka za ta leƙo ta ce, "Baban Lukuman, turmina fa?" Ce mata kimiyya ta ara.

3. Ɗora wa sanyin Jos laifi. Lulluɓe shi da bargo. In hayaƙi ya fito, ɗumi ne ya fara shigarsa. Bargona mai tsada a nan ya yi shahada.

4. Guji masu shawara. Maƙwabcinka Chollom zai leƙa ciki, ya ga ƙarfen ya yi baƙi, ya ce, "Oga, wannan abu ya mutu fa. Ka kashe wuta, ka saya sabo." Gyaɗa kai kamar ka sani tuntuni. Sabon yana Legas, ba zai iso ba sai an watse biki.

5. Ranar Asabar. Wanke motar tas, ka yi mata ado, ka sa babbar riga. Sannan ka ja abokan ango gefe, ka roƙe su da girman Allah su tura. Motar lantarki ba ta ƙara, don haka amarya tana lulluɓe tana kuka, ba za ta gane ba. Ga masu kallo kuwa, ka ce sabuwar rakiya ce ta girmamawa.

Gargaɗi: Babu ruwana da gobara, ko turmin da ya babbake, ko kallon da surukarka za ta yi maka. Kuma tun kafin ka yi alkawari, ka tambaya ko gidan ango a kan tudu yake. Ni ban tambaya ba, har amarya sai da ta sauko ta kama mana.