Nomau da Albasar Delu

A ƙauyen Rafin Kanya an yi wani mutum, Nomau, wanda in ka ce masa ya jira ka a nan, to ko ruwan ƙanƙara ake yi a nan za ka dawo ka same shi. Daga shi sai matarsa Delu a gidan. Delu tana sayar da shinkafa da wake, kuma duk garin ita kaɗai ce ba ta taɓa kiransa wawa ba.

Da mahaifiyarta ta rasu, mata suka yi ta ce mata, "Ki daina kuka, addu'a take bukata." Delu ta haɗiye kukanta. Tun daga ranar ta daina cin abin kirki, kullum sai ramewa take yi. Hawaye kuwa ba ya zuwa sai da safe, in ta zauna yankan albasa.

"Me ya same ki, Delu?" in ji Nomau.

"Albasa ce, Malam."

Bawan Allah ya yarda, ya ƙulla gaba da albasa.

Wata rana ya tambayi mai tsire yadda yake yanka tasa ido a bushe. Mai tsire ya ce, "A cikin ruwa ake yankawa." Nomau ya ce bari ya gwada kafin ya sa matarsa. Ya kwashi albasar sana'arta ya shiga kududdufi iya ƙirji, yana yankawa ruwa yana tafiya da ita. Ya dawo sharkaf, daga shi sai wuƙa.

"Delu, maganin yana yi," ya ce, "sai dai yana cinye albasar."

Wata rana kuma wanzami ya ce masa, "Ka ɗora ɓawon a ka." Nomau ya ɗora a nasa kan, ya tsaya ƙiƙam kusa da Delu tun hantsi har azahar, ko wuya ba ya juyawa. Idonsa ƙalau, nata yana zuba.

Wata rana aka ce masa fifita ce ke kore zafin. Ya ɗauko faifai ya shiga fifita iya ƙarfinsa, iska ta kwashi garin yaji ta watsa wa masu sayen abinci. Ranar mutum bakwai suka yi kuka, har da mai unguwa.

Abin ya dame shi ƙwarai, don zanen Delu har ya fara yi mata yawa. Wata rana ya je ya tsuguna gaban Goggo Tabawa, tsohuwar maƙwabciyarsu.

"Kai Nomau, Allah Ya shirye ka," ta ce. "Irin wannan hawayen ba a tare shi. Sai ya ƙare."

Nomau ya shiga lissafi. Albasa uku a rana, yaushe zai ƙare? Ya tafi fadamar yayansa ya ciko kwando da albasa, ya dire a gaban Delu da wuƙa biyu.

"Goggo ta ce sai ya ƙare. Mu yanka duka, ni rabi ke rabi, mu gama da wuri."

Delu ta daɗe tana kallonsa, sannan ta karɓi wuƙa. Suna cikin yanka ta goma ta ce, "Inna a tafin hannu take yanka tata, ba ta taɓa yankewa ba." Ta fashe da kukan da aka hana ta kwana arba'in, da sauti, har ƙirjinta yana rawa. Nomau yana gefenta shaɓe-shaɓe da hawaye, bai fasa yanka ba.

Mata suka shigo da gudu za su ba ta haƙuri. Zafin albasa ya tare su tun daga bakin ƙofa, kowa ido ya cika, aka rasa mai cewa ta daina. Haka suka zauna suka taya ta.

Da kwando ya ƙare, Nomau ya leƙa fuskarta.

"Ya ƙare?"

"Da saura, Malam," ta ce, tana share ido da gefen zane. "Amma miƙo min kwanon can, yunwa nake ji."