Rasuwar Shuɗiyar Rigar Malam Hammadu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Kauthar Zakariyya, mai kula da suturar 'yan wasa, nake sanar da darakta Oga Datti da dukkan ma'aikatan fim ɗinmu rasuwar shuɗiyar rigar Malam Hammadu. Ta cika jiya Lahadi da hantsi a gidanmu da ke Kubwa. Na rubuto ne domin yau sau uku na tsaya gaban Oga, na juya ban gaya masa ba.

Marigayiyar ta zo hannuna sabuwa fil. Mako uku na yi ina tsufar da ita: na jiƙa ta a ruwan shayi, na goge wuyanta da dutse, na bar ta a rana har ta koɗe. Jarumi Aminullahi ne ya sa ta a matsayin Malam Hammadu, tsohon direban bas da matarsa ta rasu, kuma kafin ya buɗe baki rigar ta gama ba da labarinsa. Hannun hagu ya fi koɗewa, domin shi ke kan taga. Maɓalli na uku ja ne, an ɗinka shi da baƙin zare, ɗinkin mutumin da bai taɓa riƙe allura ba sai da ya rasa mai yi masa. Aljihunta ya saki saboda nauyin makullai, kacau-kacau in yana tafiya. Aminullahi ya saba fitowa cikin shadda yana taku da ƙasaita, amma da ya zura ta sai kafaɗunsa su sauko.

Jinyarta ba ta yi tsawo ba. Na kawo ta gida in ƙara mata tabon goro, na rataye ta, na fita sayen zare. Mahaifiyata, Umma, ta gan ta, ta tausaya wa bawan Allahn da ke yawo a haka a wurin aikina. Ta wanke ta da bilic, ta sa sitati, ta sauya jan maɓallin da wanda ya dace, ta goge. Na tarar da ita a ninke tana ƙamshin turare.

Ta rasu ta bar fitowa goma sha ɗaya da aka ɗauka da huɗu da suka rage. Ranar Juma'a Malam Hammadu ya shiga ɗaki sanye da ita, gobe kuma za a ɗauki fitowarsa daga ɗakin. Ta bar hula da silifa. Ba ta bar 'yar'uwa ba, domin ban tanadi ta biyu ba, duk da Sandra, mai lura da daidaiton hotuna, ta ce in tanada. Laifina ne, kuma wannan ne aikina na farko.

Za a yi jana'iza gobe Talata, ƙarfe bakwai na safe, a wurin ɗaukar fim a Jiwa. Gawar tana cikin baƙar leda tare da jan maɓallin da na tono daga shara. Zan tsaya kusa da motar kaya ina jiran hukuncin Oga.

Ana roƙon kada kowa ya zo ta'aziyya gida. Umma tana nan tana jira in gaya mata ko mai rigar ya ji daɗi.