Yadda Mahauci Zai Nuna Ya Gane Binciken 'Yarsa

Kai da 'yarka za ta kare bincikenta gaban malaman jami'a, abin da suke kira sutanans, kwantar da hankalinka. Ni Tahirou, mahaucin unguwar Ladjifarani, na shiga ɗakin na fito da raina. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ba mai gane ko aji ɗaya ba ka yi ba, yarinya kuma ba za ta ji kunyarka ba. Ai abin da ke hana ka cin abinci ke nan.

1. Kada ka nemi sunan abin

Na tambayi 'yata Shafa'atu abin da take bincike a kai, ta jero wani dogon suna, na ce amin. Abin da za ka riƙe kaɗan ne: wata ƙwayar bakteriya ce ja-ja, ido ba ya ganinta, hasken nukiliyar da zai kashe ƙato ita ko gezau. In abokan sana'a sun matsa, ce musu, "Sha'anin nukiliya ne." Kowa zai koma kan teburinsa.

2. Wanke hannu da lemun tsami

Sau uku. Malamai suna ba da hannu, ƙarnin nama kuma ba ya jin turare.

3. Gyaɗa kai, amma da lissafi

Za a haska hoto a bango: ƙwayoyin manne huɗu-huɗu, kowace da bango hawa-hawa kamar tumbin sa. Gyaɗa sau ɗaya a kowane hawa. In ta ce kundin gadon ƙwayar, ADN, a naɗe yake kamar gammo, kuma kwafi da yawa ta ajiye, in haske ya farfasa su sai ta harhaɗa abinta, ce "Uhm" mai zurfi. In malami ne ke magana, tsaya cak. Ni na gyaɗa da ƙarfi, ashe kuskuren shafi na sha biyu yake nuna mata. Mairo, uwarta, ta mintsine ni.

4. Kame bakinka

Iyaye ba sa magana a ɗakin nan. Wannan matakin shi ne babba, shi ne kuma na faɗi. Da ɗan Faransancina na kasuwa na tsinci cewa a cikin naman gwangwani aka fara gano ƙwayar: an haska shi da nukiliya don kada ya lalace, amma ya lalace. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ai laifin mai gwangwanin ne! Nama shanya shi ake yi!"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, don ga shi na yi mata abin da nake gudu.

"Baba," in ji Shafa'atu da Hausa, "ko an shanya ta ba ta mutuwa."

Sai ta juya wajen malaman, ta nuna ni da hannu. "C'est mon père, babana ne. Mahauci ne. Wuƙarsa ce ta kawo ni nan."

5. Tafi da hankici

Ni ban tafi da shi ba, sai hannun babbar riga.

Sanarwa: in ka bi matakan nan 'yarka ta kira sana'arka da ƙarfi gaban manya, ka fashe da kuka har aka kai labari mahauta, babu ruwan Tahirou. Ni ma har yau tsiya suke yi mini, ban kuma damu ba.